Tarihin kwamfutocin hannu na farko

Kwamfutar hannu ƙaramar kwamfuta ce mai aiki da batir, wadda mutum zai iya riƙe ta a tafinsa ko ya sa ta a aljihu, ya yi lissafi da ita, ya adana bayanai, ko ya rubuta manhajar kansa a cikinta. Ta fara shiga kasuwa a shekarar 1980, ta kuma yi tashe har zuwa farkon shekarun 2000, lokacin da wayar salula ta zamani ta karɓe ayyukanta. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera ta sun haɗa da Sharp, Casio da Epson na ƙasar Japan, Psion na Birtaniya, sai HP, Apple da Palm na Amurka.

Tarihin waɗannan na'urori yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin furosesa, wato ɗan guntun silikon da ke karanta umarnin manhaja yana aiwatar da shi. A kwamfutar tebur, abin da aka fi nema daga furosesa shi ne sauri, domin wuta daga soket take zuwa. Kwamfutar hannu kuwa da batir ta dogara, don haka duk furosesan da aka sa mata sai an auna yawan aikin da yake yi da yawan wutar da yake sha. Wannan ma'auni shi ya raba na'urorin da suka karɓu da waɗanda suka faɗi, shi ne kuma ya kai furosesan ARM ga mamaye fagen a ƙarshe.

Matsalar wuta

Ƙaramin batir nau'in AA, irin wanda ake sa wa rediyo da tocila, yana ɗauke da makamashin da zai ba da wat ɗaya na kimanin awa 3. Furosesan Pentium na farko da Intel ya fitar a 1993 domin kwamfutocin tebur yana shan kusan wat 15. Da za a ɗora shi kan irin waɗannan batura guda biyu, ba za su kai rabin awa ba. Amma a wannan zamanin akwai kwamfutocin hannu da ke yin fiye da awa 20 suna aiki da batura biyu kacal. Abubuwa uku ne suka sa hakan ya yiwu.

Na farko shi ne fasahar CMOS, wadda Frank Wanlass da Chih-Tang Sah suka gabatar a kamfanin Fairchild a 1963. A wannan fasaha ana haɗa taransista biyu-biyu ta yadda idan ɗaya na kunne ɗayan yana kashe, saboda haka wuta ba ta gudana sosai sai a daidai lokacin da suke sauya matsayi. Yawancin furosesoshin kwamfutocin gida na ƙarshen shekarun 1970 da fasahar NMOS aka yi su, wadda ke shan wuta ko ana aiki ko ba a yi.

Na biyu shi ne rage gudu. Kowane furosesa yana da agogon da ke buga masa lokaci, ana auna bugun da kilohaz (dubu a daƙiƙa) ko megahaz (miliyan a daƙiƙa). A tsarin CMOS, wutar da ake sha tana ƙaruwa daidai da yawan bugun. Idan aka rage gudu da rabi, shan wutar ma kusan rabi yake komawa. Rage ƙarfin wutar da ake ba furosesa ya ma fi wannan tasiri: saukowa daga bolt 5 zuwa bolt 3.3 yana rage shan wuta da fiye da rabi.

Na uku shi ne barci. Mai amfani da kwamfutar hannu yana ɓata mafi yawan lokacinsa ne wajen karanta abin da ke fuskarta ko tunanin abin da zai rubuta. Masu ƙira sun tsara furosesan ya tsaya cik a irin wannan lokaci, ya farka idan an danna madanni, ya yi abin da aka sa shi, ya sake komawa barci. Fuskar LCD marar haske a bayanta ta taimaka ƙwarai, domin wutar da take buƙata ba ta taka kara ta karya ba.

Asali daga kalkuleta

Tushen kwamfutar hannu yana cikin kalkuleta. Furosesa na farko da aka sayar a guntun silikon guda, Intel 4004 na shekarar 1971, an ƙera shi ne domin kalkuletar kamfanin Busicom na Japan. Yana da taransista 2,300, yana kuma sarrafa bit 4 a lokaci guda. Bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, ko dai 0 ko 1, kuma bit 4 sun isa su wakilci kowace lamba daga 0 zuwa 9.

A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da HP-35, kalkuletar kimiyya ta aljihu. Bayan shekara biyu ya biyo da HP-65, wadda ake iya tsara mata jerin umarni har mataki 100, a adana su a kan ɗan siririn katin maganaɗisu. Farashinta dala 795 ne. 'Yan sama-jannatin Amurka sun tafi da ita sararin samaniya a tafiyar Apollo-Soyuz ta 1975. Sai dai da lambobi kaɗai take aiki, ba ta da madannan rubuta haruffa.

Kwamfutocin aljihu na Japan

A 1980 kamfanin Sharp ya fitar da PC-1211, wadda ake lissafa ta cikin kwamfutocin aljihu na farko. Tana da madannan haruffa, da fuskar LCD mai layi ɗaya na harafi 24, ana kuma rubuta mata manhaja da harshen BASIC har mataki 1,424. Furosesa biyu ne a cikinta, kowanne mai bit 4, na CMOS, masu gudun kilohaz 256. Shagunan Radio Shack sun sayar da ita a Amurka da sunan TRS-80 Pocket Computer. Injiniyoyi, masu safiyo da ɗalibai su ne manyan masu sayenta. Casio ya shiga gasar da FX-702P a 1981 da PB-100 a 1982, Sharp kuma ya fitar da PC-1500 mai furosesan LH5801 na bit 8.

Epson ya bi wata hanya da HX-20, wadda aka nuna a 1981 aka fara sayarwa a 1982. Girmanta kamar takardar A4 ne, nauyinta kilo 1.6, tana da cikakkun madannai, da fuska mai layi 4 na harafi 20, da 'yar ƙaramar firinta a jikinta. Furosesanta Hitachi 6301 ne guda biyu masu gudun kilohaz 614, batirinta na caji kuma yana kai wajen awa 50. Hitachi 6301 ya samo asali ne daga Motorola 6801, aka sake ƙera shi da CMOS.

A 1983 aka fitar da TRS-80 Model 100, wadda kamfanin Kyocera ya ƙera, Microsoft kuma ya rubuta manhajojinta. Tana da furosesan 80C85 mai gudun megahaz 2.4, batura AA huɗu suna riƙe ta kusan awa 20. Harafin C da ke tsakiyar sunan furosesan alama ce ta cewa na CMOS ne. 'Yan jarida sun rungumi wannan na'ura, domin tana da modem a jikinta, wakili zai rubuta labarinsa a inda abu ya faru ya tura wa ofis ta layin tarho. HX-20 da Model 100 sun fi ƙarfin aljihu, shi ya sa ake kuma ambaton su a tarihin kwamfutar cinya.

Psion a Birtaniya

David Potter ya kafa kamfanin Psion a Landan a 1980, da farko yana rubuta manhajoji ne domin kwamfutocin Sinclair. A 1984 kamfanin ya fitar da Psion Organiser a kan fam 99. Furosesanta daga dangin Hitachi 6301 yake, gudunsa bai kai megahaz 1 ba, ma'adanar wucin-gadi kilobait 2 ce kawai, fuskarta kuma layi ɗaya ne na harafi 16. An jera madannanta bisa tsarin A, B, C. Tana da agogo, kalkuleta da ɗan rumbun adana sunaye da lambobi. Batir ɗaya mai bolt 9 yana yi mata watanni. Ana adana bayanai a wasu ƙananan kwanso da ake kira Datapak, waɗanda ba sa mantuwa ko an cire batir, amma ba a iya goge su sai an haska musu wani haske na musamman.

Organiser II ta 1986 ta fi karɓuwa. Ta zo da kundin tsara lokuta, da ƙararrawar tunatarwa, da harshen rubuta manhaja mai suna OPL. Kamfanoni sun saye ta da yawa domin ƙidayar kaya da duba farashi, ciki har da shagunan Marks & Spencer.

A 1991 Psion ya fitar da Series 3, mai buɗewa kamar littafi, da furosesan bit 16 daga dangin NEC V30, tana aiki da batura AA biyu. Series 5 ta 1997 kuwa ta koma kan furosesan ARM710 mai bit 32 da gudun kusan megahaz 18, tare da sabuwar babbar manhaja mai suna EPOC32.

Kwamfutar ofis a tafin hannu

Zuwa ƙarshen shekarun 1980, kwamfutar IBM PC da ire-irenta sun cika ofisoshi, kuma babbar manhajarsu MS-DOS ce, wadda ke gudana a kan furosesoshin Intel na dangin x86. Wasu kamfanoni sun ga cewa idan na'urar hannu ta yi amfani da furosesa na wannan dangi, mai ita zai iya ɗaukar manhajojin ofishinsa ya yi tafiya da su.

Atari Portfolio ta 1989, wadda kamfanin DIP na Ingila ya tsara, tana da furosesan 80C88 mai gudun megahaz 4.9, da ma'adanar kilobait 128, da batura AA uku. Ita ce na'urar da aka nuna a fim ɗin Terminator 2 na 1991 ana kutse cikin injin cirar kuɗi da ita. Poqet PC, ita ma ta 1989, tana da fuska mai layi 25 na harafi 80 kamar ta kwamfutar tebur, kuma tana tsayar da furosesanta tsakanin danna wannan madanni da na gaba, abin da ya sa batura AA biyu ke yi mata makonni. Tsadarta, kusan dala 2,000, ta rage mata kasuwa.

HP 95LX ta 1991 ta zo da furosesan NEC V20 mai gudun megahaz 5.37, da manhajar lissafin kuɗi ta Lotus 1-2-3 a cikin ma'adanarta ta dindindin, a kan dala 699. HP 100LX da 200LX sun biyo baya a 1993 da 1994. Iyakar wannan hanya ita ce, sababbin furosesoshin x86 masu sauri domin tebur ake ƙera su, wutar da suke sha kuma ta fi ƙarfin ƙananan batura. Don haka na'urorin hannu na wannan dangi suka tsaya a kan tsofaffin furosesoshi, yayin da manhajojin ofis suka yi gaba zuwa Windows.

Zuwan ARM

A farkon shekarun 1980, masu bincike a jami'o'in Berkeley da Stanford na Amurka, ƙarƙashin David Patterson da John Hennessy, sun nuna cewa furosesa mai umarni kaɗan masu sauƙi zai iya yin sauri da taransista kaɗan. Ana kiran wannan tsari RISC. Kamfanin Acorn da ke Kambirij a Ingila, wanda ya ƙera kwamfutar BBC Micro, ya ɗauki wannan tunani. Sophie Wilson ta tsara jerin umarnin, Steve Furber ya jagoranci ƙirar guntun silikon ɗin. ARM1 ya fara aiki ranar 26 ga Afrilun 1985, da taransista kimanin 25,000. Intel 80386 da ya fito a wannan shekarar yana da 275,000.

Acorn domin kwamfutar tebur ya yi ARM. Ƙarancin shan wutarsa ya samo asali ne daga neman araha: masu ƙirar sun so kada ya wuce wat 1, domin a iya rufe shi da roba maimakon tangaran mai tsada. Da aka auna, sai aka tarar kusan kashi ɗaya cikin goma na wat yake sha. Furber ya ba da labarin cewa a wani gwaji na farko an gano ashe ba a haɗa wa furosesan wayar wutarsa ba, amma yana aiki da ɗan abin da ke tsiyayowa daga sauran sassan da ke kewaye da shi.

Wannan siffa ita ta jawo hankalin Apple, wanda ke neman furosesa domin na'urar hannunsa ta Newton, bayan ya fara gwada furosesan Hobbit na kamfanin AT&T. A watan Nuwamban 1990, Acorn da Apple da VLSI Technology suka kafa kamfanin Advanced RISC Machines da injiniyoyi 12, Robin Saxby ya zama shugabansa. Kamfanin ba ya da masana'anta. Zanen furosesan yake sayar da lasisinsa, kowane mai saye ya haɗa shi da sauran sassan da yake buƙata a guntun silikon guda. Texas Instruments, Sharp da Samsung suna cikin waɗanda suka karɓi lasisin a farkon shekarun 1990.

Newton da Palm

A watan Janairun 1992, shugaban Apple na lokacin, John Sculley, ya yi amfani da sunan PDA wajen bayyana irin wannan na'ura, taƙaicen kalmomin Ingilishi ne masu nufin mataimakin mutum na dijital. Newton MessagePad ta fito a Agustan 1993 a kan dala 699, da furosesan ARM610 mai gudun megahaz 20. Ba ta da madannai. Ana rubutu ne a fuskarta da alƙalami marar tawada, ita kuma ta yi ƙoƙarin gane rubutun ta mayar da shi haruffan bugu. Yawan kuskuren da take yi wajen wannan ya sa ta zama abin ba'a a jaridu da talabijin, ga shi kuma ta yi wa aljihun riga girma. MessagePad 2000 ta 1997 ta samu furosesan StrongARM mai gudun megahaz 162, wanda kamfanin DEC ya ƙera tare da ARM, gane rubutun ma ya inganta. Duk da haka Steve Jobs ya dakatar da Newton a Fabrairun 1998.

Jeff Hawkins ya kafa Palm a 1992. Bayan na'urar Zoomer ta 1993, wadda Palm ya rubuta wa manhajoji, ta kasa samun kasuwa, sai ya sauya dabara. Ya sassaƙa katako daidai girman aljihun riga, ya riƙa yawo da shi yana yin kamar yana amfani da shi, domin ya tantance ayyukan da mutum ke buƙata da gaske. Pilot 1000 ta fito a 1996 a kan dala 299, a lokacin U.S. Robotics ya riga ya sayi kamfanin. Ayyukanta kaɗan ne: kalanda, adireshi, jerin abubuwan yi da gajerun rubuce-rubuce. Maimakon na'ura ta koyi rubutun mutum, mutum ne ke koyon wasu sauƙaƙan siffofin haruffa da ake kira Graffiti, abin da ya rage wa furosesa nauyi ƙwarai. Danna madanni ɗaya ya isa a daidaita bayananta da na kwamfutar tebur.

Furosesan Pilot shi ne Motorola DragonBall 68328 mai gudun megahaz 16, daga dangin 68000 da aka yi amfani da shi a Macintosh ta 1984. An haɗa masa sashen kula da fuska da sauran sassa a guntu ɗaya. Ma'adanar Pilot 1000 kilobait 128 ce, batura AAA biyu kuma suna yi mata makonni. Ta fi Newton rauni ta fuskar furosesa, amma an sayar da fiye da miliyan ɗaya cikin wata 18 na farko.

Windows CE da taƙaituwar gasa

Microsoft ya fitar da Windows CE a Nuwamban 1996. Na'urorin farko da suka zo da ita, irin su Casio Cassiopeia, NEC MobilePro da Philips Velo, sun yi amfani da furosesoshin RISC daga dangi biyu, SH3 na Hitachi da MIPS. Daga baya ARM ya zama na uku. Wannan ya jawo wahala, domin manhajar da aka shirya wa dangi ɗaya ba ta gudana a kan ɗayan, dole mai rubuta manhaja ya fitar da kwafi daban-daban, mai saye kuma ya san furosesan da ke cikin na'urarsa kafin ya zaɓa.

Compaq iPAQ ta shekarar 2000, mai furosesan StrongARM na megahaz 206 da fuska mai launi, ta fi takwarorinta sauri da kasuwa. A lokacin StrongARM ya riga ya koma hannun Intel, wanda daga baya ya gina XScale a kansa. Da Microsoft ya fitar da Pocket PC 2002, sai ya taƙaita ta ga ARM kaɗai. Palm ma ya bar DragonBall ya koma ARM a 2002 da na'urar Tungsten T. Fuska mai launi da gudu mai yawa sun kawo ƙarshen zamanin batura AA, aka koma batirin litiyam da ake caji a kai a kai.

Haɗewa da wayar salula

An fara haɗa kwamfutar hannu da waya tun 1994 a IBM Simon, mai furosesa na dangin x86, wadda batirinta ke yin kusan awa ɗaya idan ana magana. Nokia 9000 Communicator ta 1996 tana da furosesan Intel 386 mai gudun megahaz 24, nauyinta giram 397. Na'urorin saƙo na BlackBerry na farko ma da 386 aka yi su.

A 1998 Psion da Nokia da Ericsson da Motorola suka kafa kamfanin Symbian, aka mayar da EPOC32 ta zama babbar manhajar waya. Nokia 9210 ta 2001 ta zo da Symbian a kan furosesan ARM. Wayoyin Nokia masu Symbian da suka yaɗu a Najeriya bayan fara aikin layukan GSM a 2001, babbar manhajarsu daga Psion Series 5 ta samo asali.

Psion ya daina ƙera na'urorin jama'a a 2001. Intel ya sayar da sashen XScale na na'urorin hannu ga Marvell a 2006, HP kuma ya sayi Palm a 2010. Wayar iPhone ta 2007 da wayar Android ta farko a 2008 duk a kan ARM aka gina su, haka ma kusan dukkan wayoyin zamani da suka biyo bayansu. A 2020 Apple ya fara mayar da kwamfutocinsa na Mac kan furosesan M1, wanda shi ma tsarin ARM ne.